Masu Fatsa da Manyan Kamfanoni: Yadda Aka Kare Makwancin Kifi a Kogin Hudson

Kogin Hudson yana tasowa ne daga duwatsun Adirondack a arewacin jihar New York ta Amurka, ya yi tafiyar kilomita 507 kafin ya faɗa Tekun Atilantika a gefen birnin New York. Kusan rabin wannan tafiya, daga madatsar ruwa ta garin Troy zuwa bakin teku, wato kimanin kilomita 246, teku ne ke juya kogin. Sau biyu a kowace rana teku yakan ciko ya turo ruwa arewa, sannan ya janye ruwan ya koma kudu. A ƙasan kogin ruwan gishiri ne, a samansa ruwan daɗi, tsakaninsu kuma ruwan zartsi, wanda iyakarsa ke matsawa gaba ko baya gwargwadon yawan ruwan sama da narkewar ƙanƙara. Irin wannan mahaɗa ta kogi da teku tana cikin wurare mafi albarka a duniyar ruwa, domin kogi yana kawo abinci daga tudu, teku yana gauraya shi, rana kuma tana ratsa ruwan da ba shi da zurfi har ciyawa ta tsiro a ƙasa. An ƙirga nau'in kifi sama da 200 a Hudson da rassansa.

Daga cikinsu wanda ya fi suna shi ne kifin bas mai ratsi, farin kifi mai layuka baƙaƙe a gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya. Darajarsa a wurin mutanen gabashin Amurka ta yi kama da ta giwan ruwa a wurin masuntan Tafkin Chadi: babba ne, ga ƙarfi, ga daɗin nama. Mafi girman da aka taɓa kamawa da fatsa ya kai kilo 37, a ruwan jihar Connecticut a shekarar 2011. Wannan kifi a teku yake girma, yana bin gaɓa arewa da kudu, amma ba ya haihuwa a can. Idan sanyi ya wuce, wajen watan Afrilu zuwa Yuni, manyan sukan shigo kogi su haura zuwa ruwan daɗi su zuba ƙwai. Babbar mace ɗaya tana iya zuba sama da miliyan guda. Ƙwan ba ya manne da dutse ko ciyawa, yawo yake yi a cikin ruwa har ya ƙyanƙyashe bayan kwana biyu ko uku, kuma 'ya'yan da suka fito ba su da ƙarfin iyo na wasu makonni, duk inda ruwa ya nufa can suke nufa. Daga baya sukan gangaro zuwa wurare masu faɗi marasa zurfi, irin Haverstraw, inda faɗin kogin ya wuce kilomita 5, su yi watanninsu na farko a cikin ciyawa da taɓo. Bayan mashigin Chesapeake, Hudson ne babban wurin haihuwar wannan kifi. Ma'ana, kifin da wani ya kama a gaɓar Massachusetts ko New Jersey yana iya kasancewa ɗan wani lungu mai laka ne da ke nisan ɗaruruwan kilomita, wanda mai wucewa a jirgin ƙasa ba zai ko waiwaye shi ba.

A Amurka masu kamun kifi iri biyu ne. Akwai masunta na sana'a, masu taru da lasisin sayarwa. Akwai kuma miliyoyin mutane da ke yin fatsa don nishaɗi: direba, ma'aikacin masana'anta, malamin makaranta, kowa da sandarsa da zarensa a ranar hutu. Wasu sukan kai kifi ɗaya gida, wasu su sake shi ya koma ruwa. Nishaɗi ne, amma abincin mutane da yawa yana rataye da shi, daga masu shagunan ƙugiya da koto zuwa masu ba da hayar jirgi da masu masauki a garuruwan gaɓa. Tun 1950 akwai dokar tarayya da ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa, ana raba kuɗin ga jihohi don kula da kifi da makwancinsa. Saboda haka mai fatsa yana ganin yana da haƙƙi a kan kogi, kuma yana da hujjar ganin haka.

Matsalar ita ce abin da kifi ke nema a mahaɗar kogi da teku, shi ne masana'antu ma ke nema. Tashar lantarki tana son ruwa mai yawa na sanyaya injuna. Masana'anta tana son inda jirgi zai tsaya da inda za ta zubar da dagwalo. Mai gina hanya yana son fili, kuma a gefen babban birni babu fili mai araha kamar ruwa marar zurfi da za a cike da ƙasa. Tun ƙarni na 19 aka shimfiɗa layin dogo a gaɓoɓin Hudson biyu, ya yanke fadamu da yawa daga uwar kogi, aka kuma yashe hanyar jirage ana jibge yashin a kan rassan da ƙananan kifi ke fakewa. Zuwa shekarun 1960 kogin ya zama kwata. A garin Tarrytown, inda kamfanin General Motors ke harhaɗa motoci, mazauna wurin sukan gane launin fentin da ake yi a ranar daga launin ruwa.

A 1962 kamfanin lantarki na Con Edison ya buɗe tashar nukiliya ta Indian Point a gaɓar gabas, kusa da Haverstraw. Ba a jima ba, a 1963, aka fara ganin abin da zai biyo baya. Ruwan ɗumi da tashar ke fitarwa yana jawo kifi, ƙarfin injin zuƙo ruwa kuma yana manna su a jikin rariyar ƙarfe har su mutu. Da motocin tifa aka riƙa kwashe matattun zuwa juji. Wani ɗan jarida mai suna Robert Boyle, wanda ke rubutu a mujallar wasanni ta Sports Illustrated kuma shi kansa mai fatsa ne, ya bi diddigin hotunan wannan juji ya wallafa labarin a 1965.

A daidai wannan lokaci kamfanin yana shirin wani aiki da ya fi wancan girma a dutsen Storm King, kusa da garin Cornwall. Tsarin shi ne a haƙa ƙaton rami a cikin dutsen, da dare lokacin da buƙatar wuta ta ragu a zuƙo ruwan kogi a tara shi a wani tafki a can sama, da rana kuma a sako shi ya juya injuna ya ba da megawat 2,000. Da an gina wannan tasha, da ta zama mafi girma a irinta a duniya a wancan zamani. Waɗanda suka fara adawa, ƙungiyar Scenic Hudson da aka kafa a 1963, kyan dutsen ne ya dame su. Masanin da kamfanin ya gabatar ya shaida wa hukumar lantarki ta tarayya cewa kifi ba zai cutu ba, hukumar kuma ta ba da lasisi a watan Maris na 1965. Boyle ne ya tono wani bincike da masanan gwamnati suka yi a shekarun 1950, wanda ya nuna cewa mafi yawan ƙwan bas da aka tsinta a kogin a wannan yanki na Storm King suke. Babu rariyar da za ta tare ƙwai da 'ya'yan kifin da ba su wuce tsinin allura da yawa ba. Duk dare za a zuƙe su tare da ruwan, a haura da su dutse, a sako su ta cikin injuna.

A ƙarshen Disamba na 1965 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke lasisin. Muhimmancin hukuncin ya wuce Storm King. Kafin lokacin, abin da aka saba shi ne mutum ba shi da hurumin ƙalubalantar irin wannan aiki sai ya nuna asarar dukiya. Kotun ta ce wanda ke amfana da wuri ta hanyar nishaɗi ko kyan gani ko kiyaye halitta shi ma yana da bakin magana, ta kuma umarci hukumar da ta sake zama ta duba wasu hanyoyin samar da wutar, ta saurari shaida a kan kifi. Masana shari'a da yawa suna ɗaukar wannan hukunci a matsayin mafarin dokokin muhalli na zamani a Amurka, kuma ya share fage ga dokar da ta fara aiki a 1970, wadda ta wajabta nazarin illa ga muhalli kafin gwamnatin tarayya ta amince da babban aiki.

A 1966 Boyle da wasu masu fatsa da masunta suka kafa Ƙungiyar Masuntan Kogin Hudson. Ba attajirai ba ne. Shugabanta na farko, Ritchie Garrett, tsohon soja ne mai aikin haƙa kaburbura, sauran kuma ma'aikatan masana'antu ne da kafintoci da makamantansu. A taronsu na farko a Crotonville rai ya ɓaci har wasu suka kawo shawarar a toshe bututun kamfanoni da ƙarfi. Boyle ya nuna musu wata hanya. Ya gano tsofaffin dokoki biyu, na 1888 da na 1899, waɗanda suka haramta zuba ƙazanta a ruwan da jirage ke bi, kuma suka tanadi cewa wanda ya kawo rahoton da ya kai ga hukunci yana da rabin tarar a matsayin tukuici. Dokokin suna nan a littafi, babu mai aiki da su. Ƙungiyar ta fara da wani bututu a tashar gyaran jiragen ƙasa ta Croton-Harmon, wanda ya daɗe yana tsiyayar da mai a kogi. Aka ci tarar kamfanin Penn Central, ƙungiyar ta karɓi dala 2,000. Daga nan suka buga katin kai rahoto suka rarraba a garuruwan gaɓa. Wani ma'aikacin kamfanin waya na Anaconda a Hastings, Fred Danback, ya tattara shaida a kan wurin da yake cin abinci, har aka ci kamfanin tarar dala 200,000 a 1971, kuɗin da ba a saba jin irinsa ba a shari'ar gurɓata ruwa a lokacin.

Ƙarfin waɗannan mutane a ilminsu yake. Sun san bututun da ke zuba da dare, sun san lungun da ƙananan kifi ke taruwa a kowane wata, domin kullum suna bakin ruwan. Abin da suka ƙara a kai shi ne rubuta abin da suka gani da kwanan wata da hoto, da nemo masana da lauyoyi da za su mayar da shi shaidar da kotu za ta karɓa.

Shari'ar Storm King ba ta ƙare a 1965 ba. An sake ba da lasisi a 1970, aka koma kotu, aka haɗa da batun sauran tashoshin lantarki da ke shan ruwan kogin. Dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta ce dole mashigar ruwan sanyaya injuna ta yi amfani da fasaha mafi inganci wajen rage ɓarna, hukumar kare muhalli ta tarayya kuma ta nemi a gina hasumiyoyin sanyaya ruwa, waɗanda ke juya ruwa ɗaya maimakon zuƙo sabo kullum. Kamfanoni suka ce tsadar ta yi yawa. A Disamba na 1980, da shiga tsakanin tsohon shugaban hukumar, Russell Train, aka yi sulhu. Con Edison ya haƙura da Storm King ya ba da filin a mayar wurin shaƙatawa. Kamfanonin sun amince su rage zuƙar ruwa a lokacin haihuwar kifi, suka kuma ba da dala miliyan 12 don kafa gidauniyar binciken kogin. A madadin haka aka ɗage musu gina hasumiyoyin. Sulhun ya ceci dutsen da ƙwan da ke wucewa ta gabansa, amma ya bar Indian Point tana zuƙar ruwa kusan lita biliyan 9.5 a rana idan tana aiki sosai. Hukumar muhalli ta jihar ta ƙiyasta cewa ƙwai da 'ya'yan kifi sama da biliyan ɗaya ke halaka a can duk shekara. A 2010 ta hana tashar takardar shaidar ingancin ruwa, a 2017 aka cimma yarjejeniyar rufewa, injin ƙarshe kuma ya tsaya ranar 30 ga Afrilu, 2021. Rufewar ma ba ta zo kyauta ba, domin tashoshin iskar gas ne suka cike mafi yawan giɓin wutar, abin da ya ƙara hayaƙin da jihar ke fitarwa.

Gwagwarmaya ta biyu a cikin birnin New York aka yi ta. A shekarun 1970 aka tsara wata babbar hanya mai suna Westway, mai tsawon kusan kilomita 7 a yammacin tsibirin Manhattan, wadda za ta ci wajen dala biliyan 2. Za a cike kimanin eka 200 na kogi, inda tsofaffin matsayan jirage suke, a binne hanyar a ciki, a yi gine-gine a sama. Gwamna da magajin gari da shugaban ƙasa Ronald Reagan da ƙungiyoyin ƙwadago duk suna goyon baya. Takardar nazarin muhalli ta bayyana wurin a matsayin kufai wanda kusan babu mai rai a cikinsa. Da aka jefa koma aka duba, sai aka tarar ƙananan bas masu yawa a nan suke fakewa lokacin sanyi, a tsakanin ruɓaɓɓun ginshiƙan katako, inda ruwa ke kwance. A 1982 alƙali Thomas Griesa ya dakatar da izinin cike kogin, yana mai cewa hukumomi sun san da wannan bayani ba su bayyana shi ba. Aka sake nazari, aka sake ba da izini, ya sake sokewa a 1985 saboda hukumar da ta ba da izinin ta sauya ƙiyasinta na illar daga babba zuwa ƙarama ba tare da gamsasshen dalili ba. A watan Satumba na shekarar aka watsar da aikin, aka karkatar da kaso mai yawa na kuɗin zuwa gyaran jiragen ƙasa da motocin sufuri na birnin. A 1998 aka ayyana ruwan wurin, kimanin eka 400, a matsayin hurumin halittun ruwa. Har yau akwai masu ganin birnin ya yi asarar hanya da filaye saboda kifi. Sai dai abin da kotu ta hukunta shi ne ɓoye gaskiya, kuma da an faɗi gaskiyar tun farko da muhawarar ta tafi a kan turba mai kyau.

Storm King da Westway an tare su ne tun suna kan takarda, shi ya sa wuraren suke nan yadda suke. Labarin sinadarin PCB daban ne, domin shi an riga an zuba. Daga 1947 zuwa 1977 masana'antu biyu na General Electric a Hudson Falls da Fort Edward, can saman kogin, sun saki kimanin kilo 590,000 na wannan sinadari mai kama da mai, wanda ake sa wa kayan lantarki don ba ya kama wuta. Yawancin zubarwar ba ta saɓa wa dokar lokacin ba. PCB ba ya ruɓewa da sauri. Yakan kwanta a laka, ƙwarin ruwa su ci, ƙananan kifi su ci ƙwarin, manya su ci ƙanana, yana taruwa a kitse yana ƙaruwa a kowane mataki, kuma ana danganta shi da sankara da illa ga jarirai. Rushe wata tsohuwar madatsa a Fort Edward a 1973 ya saki lakar da ta taru a bayanta ta gangara ƙasa. A 1976 jihar ta haramta kowane irin kamun kifi a saman kogin, ta kuma hana sayar da bas na ƙasan kogin. Sana'ar da iyalai suka gada kaka da kakanni ta mutu a hannun mutanen da ba su zuba ko ɗigo ba.

A 1984 aka sa kilomita 320 na kogin a jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar. Kamfanin ya shafe shekaru yana jayayya cewa kogin zai wanke kansa, kuma yasa za ta tayar da gubar ne kawai. Hukumar kare muhalli ta yanke shawarar a yashe a 2002, aka yi aikin daga 2009 zuwa 2015 a tsawon kilomita 64, aka kwashe laka sama da kubik mita miliyan 2. Kamfanin ya ce ya kashe dala biliyan 1.7. Duk da haka abin da aka cire bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka zuba ba, gwamnatin jihar da ƙungiyoyin kogin kuma sun dage cewa aikin bai kammala ba. A saman kogin an yarda da fatsa tun 1995, amma da sharaɗin a saki duk abin da aka kama. Hukumar lafiya ta shafe shekaru tana gargaɗin mata 'yan ƙasa da shekara 50 da yara 'yan ƙasa da 15 da kada su ci ko kifin ƙasan kogin. Gargaɗin ya fi shafar talakawa da baƙin haure masu fatsa don tukunya, waɗanda sau da yawa allon sanarwa ba a harshensu yake ba.

Tun 1983 ƙungiyar masuntan ta gane cewa kogi yana buƙatar mai gadi na dindindin. Ta ƙera jirgi ta ɗauki John Cronin, wanda ya taɓa yin su na sana'a, ya riƙa sintiri. A shekararsa ta farko ya kama jiragen dakon mai na Exxon suna wanke tankunansu a kogin suna cika su da ruwan daɗi don kai wa tsibirin Aruba, lamarin da ya ƙare da biyan kimanin dala miliyan 2. Ƙungiyar ta koma amsa sunan Riverkeeper, tsarin kuma ya bazu har aka kafa gamayyar Waterkeeper a 1999, wadda yanzu ke da ƙungiyoyi sama da 300 a ƙasashe da dama, ciki har da mai gadin mashigin Hann a Dakar ta Sanagal.

Kare makwanci bai wadatar ba idan ana kama kifin fiye da kima, kuma a nan masu fatsa ma suna da nasu alhakin. Yawan bas ya faɗi ƙasa warwas a farkon shekarun 1980, har majalisar tarayya ta yi doka ta musamman a kansa a 1984, jihar Maryland kuma ta hana kama shi gaba ɗaya daga 1985 zuwa 1990. A 1995 aka ayyana ya farfaɗo. Sauran kifayen kogin ba su yi wannan sa'a ba: an rufe kamun shad a Hudson a 2010, kifin sitajin kuma, wanda a da ake sayar da namansa a Albany da araha, ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2012. Shi ma bas ɗin, ƙididdigar 2019 ta nuna an sake cin sa fiye da yadda yake hayayyafa, kuma a wannan karo mafi yawan abin da ake kashewa daga masu fatsar nishaɗi yake fitowa. Ko kifin da aka saka ba duka ke rayuwa ba. Masana suna lissafin 9 cikin kowane 100 suna mutuwa daga rauni ko gajiya. Shi ya sa tun 2021 aka wajabta wa mai amfani da koto ƙugiya mai lanƙwasa ciki, wadda ke kama gefen baki maimakon shiga ciki, a 2023 kuma hukumar da ke haɗa jihohin gaɓar Atilantika ta taƙaita abin da za a iya riƙewa a teku zuwa mai tsawon santimita 71 zuwa 79, domin a bar manyan mata masu ƙwai. Burin hukumar shi ne yawan kifin ya dawo matsayinsa nan da 2029, kodayake ƙididdigar ƙananan kifi a Chesapeake ta yi ta fitowa da rauni shekara bayan shekara tun daga 2019.